Jan rubutun da ke hana ɗalibai ɗora manhajar Arduino: Abin da yake nufi da yadda ake warware shi

A duk ƙarshen zangon karatu, ɗaliban sashen injiniyan lantarki da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha sukan duƙufa wajen harhaɗa aikin kammala karatu. Wani na'urar ban ruwa mai kunna kanta yake haɗawa, wani na'urar ƙyanƙyasar ƙwai mai auna zafi, wata kuma makullin ƙofa da ke buɗewa da zanen yatsa. Yawancin waɗannan ayyuka a kan wani ɗan allo da bai cika tafin hannu ba suke tafiya, wato Arduino ko ESP32.

Sai dai kafin allon ya yi komai, dole a ɗora wa kwamfuta manhajar da za a rubuta masa umarni da ita. A nan ne da yawa suke cijewa. An sayi allo, an sayi data, an danna "Install", sai ga jan rubutu da Turanci: "unable to find valid certification path", ko "certificate has expired or is not yet valid", ko kuma "CERTIFICATE_VERIFY_FAILED".

Wasu kan ɗauka allon ne jabu, su koma wurin mai shago da faɗa. Wasu su goge Windows su sake ɗora sabuwa. Wasu kuma su bi shawarar da ta fi yawo a intanet, a kashe binciken tsaron baki ɗaya. Na farko da na biyu asarar kuɗi da lokaci suke yi. Na ukun ne ya fi shiga haɗari, domin aikinsa zai tafi, amma ya ɓalle ƙofar da aka kulle don kare shi.

A mafi yawan lokuta matsalar ƙarama ce, kuma tana cikin kwamfutar ko a layin intanet ɗin da aka hau. Wanda ya san abin da saƙon yake faɗa zai iya gano ta cikin 'yan mintuna.

Me ya haɗa allon lantarki da satifiket?

An fara ƙera Arduino a shekarar 2005 a wata makarantar koyar da zane da ƙirƙira a garin Ivrea na ƙasar Italiya, domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba su samu allo mai araha da sauƙin sarrafawa. Samfurinsa da ya fi shahara, Arduino Uno, yana ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki mai suna ATmega328P, wadda ma'ajiyar umarninta kilobait 32 ce kacal.

Daga baya kamfanin Espressif da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin ya fito da ESP8266 a 2014, sannan ESP32 a 2016. Su biyun suna hawa Wi-Fi da kansu, ga araha, shi ya sa suka karɓu wurin masu haɗa na'urorin da ke aika bayanai ta intanet.

Manhajojin da ake rubuta wa waɗannan alluna umarni da su, irin su Arduino IDE da PlatformIO da ESP-IDF, ba a cike suke zuwa ba. Bayan an ɗora su, sai sun koma intanet sun ɗebo sauran kayan aiki: manhajar da ke juya rubutunka zuwa harshen da allon yake ji, da wadda ke tura shi cikin allon ta wayar USB, da laburaren sensa iri-iri. Na ESP32 kaɗai kan kai ɗaruruwan megabait, kuma daga wurare daban-daban ake ɗebo su, ciki har da shafin Arduino da na GitHub.

Duk lokacin da manhajar ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗaya daga cikin waɗannan shafuka, sai ta nemi shaidar cewa shafin na gaskiya ne kafin ta karɓi komai. Wannan shaidar ita ce satifiket ɗin tsaro. Idan ba ta gamsu ba sai ta tsaya, ta fito da jan rubutu. Ke nan allon da ke kan teburinka ba shi da hannu a lamarin, ko da ba a jona shi da kwamfutar ba saƙon zai fito.

Kamar takardar shaidar ɗan ƙasa

Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ya san yadda abin yake. Jami'in sakatariya bai san ka ba, amma ya san hatimin hakimi. Hakimi ya amince da sa hannun dagaci, dagaci kuma ya amince da na mai unguwa, wanda shi ne ya san gidanku. Da zarar sarƙar ta kai ga hatimin da jami'in ya sani, sai a ba ka takarda.

Haka satifiket yake aiki. Shafin intanet yana miƙa wa kwamfutarka takarda mai ɗauke da sunansa, da ranar da ta fara aiki, da ranar da wa'adinta zai ƙare, da sa hannun kamfanin da ya bayar da ita. Shi ma wannan kamfanin wani na sama da shi ne ya sa masa hannu, har a kai ga satifiket na tushe. Kwamfutarka tana da kundin da aka jera waɗannan na tushen a ciki, irin na kamfanonin DigiCert da Sectigo da GlobalSign. Su ne hatiman da ta sani tun asali.

Tambayoyi uku manhajar take yi. Sunan da ke kan takardar shi ne na shafin da na nema? Yau tana cikin wa'adinta? Sarƙar sa hannun ta kai ga wani da ke cikin kundina? Idan amsar ɗaya daga ciki ta zama a'a, ciniki ya watse.

Saƙon da ya fito yakan nuna wace tambaya ce ta faɗi. Inda aka ga "expired" ko "not yet valid", maganar kwanan wata ce. Inda aka ga "unknown authority", ko "unable to get local issuer certificate", ko "PKIX path building failed", sarƙar ce ba ta kai ga kundin ba. Inda kuma aka ga "hostname mismatch" ko makamancinsa, suna ne bai dace ba. Saboda haka aikin farko shi ne a karanta saƙon har ƙarshe, domin dalilin yakan zo ne a layin ƙarshe, bayan dogon rubutun da ke tsorata mutum.

Fara duba agogo

Wannan shi ne bincike mafi sauƙi, kuma shi aka fi tsallakewa. Kwamfuta ba ta san yau wace rana ba ce sai abin da agogonta ya faɗa mata. Idan agogon ya koma shekarar 2012, to satifiket ɗin da aka bayar bana a wurinta bai fara aiki ba tukuna. Idan kuma ya yi gaba da shekaru, sai ta ga wa'adin kowa ya ƙare.

Abin da ke riƙe agogon idan an kashe kwamfuta wani ɗan batir ne mai kama da kwabo da ke maƙale a babban allonta, galibi samfurin CR2032 mai bolt 3. Yakan yi shekaru yana aiki, amma yana mutuwa. Ɗalibai da yawa a nan da kwamfutocin gwanjo suke aiki, waɗanda sun riga sun sha jiki a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwa. Idan ɗan batirin ya mutu, babban batirin ma ba ya riƙe caji, to duk ɗauke wuta sai agogo ya koma baya.

A Windows, a shiga "Settings", sannan "Time & Language", a kunna "Set time automatically", a danna "Sync now". A tabbatar yankin lokaci na Afirka ta Yamma ta Tsakiya ne, wato awa 1 gaba da agogon GMT, ga mazauna Najeriya da Nijar da Kamaru. Mutanen Ghana kuwa a kan GMT ɗin suke. Idan kwanan watan ya sake rikicewa bayan an kashe an kunna, a kai wa mai gyara ya sauya ɗan batirin. Kuɗinsa bai kai na datar da ake ƙonawa wajen maimaita saukewa ba.

Kundin da ya tsufa

Satifiket na tushe ma yana da wa'adi, ko da yake nasa yakan kai shekara 20 ko fiye. Idan ya ƙare ana maye gurbinsa da sabo, kuma sabon yana shiga kwamfuta ne ta hanyar sabuntawa. Kwamfutar da ta yi shekaru ba a sabunta ta ba tana nan da tsohon kundi.

Duniya ta ga misalin haka a ranar 30 ga Satumba, 2021. Let's Encrypt, wata cibiya da ba ta neman riba wadda ta fara raba satifiket kyauta a 2015, ta daɗe tana jingina da wani tsohon tushe mai suna DST Root CA X3. A ranar wa'adinsa ya cika. Na'urorin da suka san sabon tushen cibiyar, ISRG Root X1, sun ci gaba da aiki lafiya. Tsofaffin kwamfutoci da manhajojin da ba su san shi ba kuwa suka wayi gari suna ƙin miliyoyin shafuka na gaskiya. Kafin wannan, an ga irinsa a ranar 30 ga Mayu, 2020, lokacin da tushen AddTrust ya ƙare.

Wannan ya shafi masu Windows 7 kai-tsaye, domin Microsoft ya daina tallafa mata tun 14 ga Janairu, 2020. Ya kuma shafi masu amfani da Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima aka toshe hanyar sabuntawa, ko waɗanda suka kashe sabuntawar da hannunsu don tattalin data.

Akwai kuma wata matsala mai kama da wannan. Tun watan Fabrairun 2018 GitHub ya daina karɓar tsofaffin hanyoyin ɓoye sadarwa na TLS 1.0 da 1.1. Tsohuwar manhajar da ba ta iya TLS 1.2 ba, ko gaisawa ba za su yi da shafin ba, balle a kai ga duba satifiket. Saƙonta yakan ƙunshi kalmar "handshake".

Maganin duka biyun ɗaya ne: a sabunta. A bar Windows Update ya yi aikinsa ko da sau ɗaya ne a inda ake da Wi-Fi mai yalwa. Masu Ubuntu da danginta su sabunta ƙunshin da ake kira ca-certificates. A kuma sani cewa Arduino IDE 2, wadda ta fito a Satumban 2022, tana buƙatar Windows 10 ko sama da haka, sannan Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7. Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauki sabuwar Windows ba, ɗora mata Linux mara nauyi ya fi masa zama a kan tsarin da aka yi watsi da shi.

"Amma ai burauza tana buɗe shafin"

Wannan ne ya fi ɗaure wa mutane kai. Ka kwafi adireshin ka saka a Chrome ko Firefox ya buɗe sumul, amma manhajar ta ce ba ta yarda ba.

Dalili shi ne ba kundi ɗaya ke cikin kwamfuta ba. Windows tana da nata. Firefox yana tafe da na Mozilla. Chrome ma ya koma amfani da nasa tun 2022. Burauza tana sabunta kanta a kai a kai, don haka kundinta sabo ne kullum. Kayan aikin masu rubuta manhaja kuwa kowanne da inda yake dubawa.

Tsohuwar Arduino IDE, wadda ta tsaya a lamba 1.8.19, da harshen Java aka gina ta, kuma Java yana da kundinsa daban mai suna cacerts. Ita ce ke fitar da saƙon "PKIX". Wanda har yanzu yake amfani da tsohon kwafin da ya karɓa a filas shekarun baya, to da tsohon kundi yake yawo. Komawa 1.8.19 ko IDE 2 yakan kashe maganar.

Arduino IDE 2 kuwa saƙonninta kan fara da "x509", kuma a Windows kundin Windows ɗin take dubawa. Idan ita ce ta ƙi, agogo da sabunta Windows za a duba.

PlatformIO da ESP-IDF sun dogara da Python, wanda shi ke fitar da "CERTIFICATE_VERIFY_FAILED". Manhajojin Python da yawa suna amfani da wani kundi mai suna certifi, kuma ana sabunta shi da umarnin pip install --upgrade certifi. Masu kwamfutar Mac da suka sauke Python daga shafinsa na asali suna da ƙarin mataki guda da ake yawan mantawa: a cikin jakar Python ɗin akwai fayil mai suna Install Certificates.command, sai an danna shi sau ɗaya kafin Python ya san kowane tushe.

Git, wanda ake kwaso ESP-IDF da laburare da shi, shi ke cewa "unable to get local issuer certificate". A Windows ana iya umartarsa ya riƙa duba kundin Windows maimakon nasa, da wannan layin: git config --global http.sslBackend schannel.

Idan akwai wani a tsakani

Wani lokaci agogo daidai, kundi sabo, amma saƙon yana nan. To a nan sai a yi zargin cewa wani ne ya shiga tsakaninka da shafin, yana miƙa maka takardarsa a madadin ta asali. Ba kullum ne mugu ba.

Manhajojin kariya daga bairos irin su Kaspersky da Avast da ESET suna da tsarin leƙa abin da ke shigowa ta HTTPS. Don su iya hakan, sukan karɓi saƙon, su buɗe, su sake rufe shi da satifiket ɗinsu. Suna saka tushensu a kundin Windows da na burauza, shi ya sa burauza ba ta ƙorafi. Java da Python da Git kuwa ba su san wannan tushen ba, sai su ƙi.

Haka wasu makarantu da ma'aikatu suke yi a layin intanet ɗinsu domin tace abin da ake buɗewa. Sai kuma Wi-Fi na otal ko na shagon intanet da ke buƙatar a fara shiga wani shafi a saka lamba. Kafin ka saka, duk inda manhajar ta nufa wannan shafin ne zai amsa mata, da sunan da ba shi ta nema ba. Wasu layukan waya ma sukan karkatar da mutum zuwa shafin sayen data idan tasa ta ƙare.

Gwajin mai sauƙi ne. A sauka daga layin, a hau hotsifot na waya, a sake gwadawa. Idan ya wuce, layin farko ne. Hanya ta biyu, a buɗe adireshin a burauza, a danna alamar da ke gefen adireshi, a duba satifiket ɗin, a karanta wurin da aka rubuta "Issued by". Idan sunan manhajar kariyarka ko na makarantarku ya bayyana a wurin, an gano mai shiga tsakanin.

Idan manhajar kariya ce, a shiga saitinta a cire kayan aikin daga cikin waɗanda take leƙawa, ba sai an kashe ta gaba ɗaya ba. Idan layin makaranta ne, ma'aikatan sashen kwamfuta su ne za su ba da satifiket ɗin makarantar a ƙara shi a kundin manhajar. Kada a karɓi satifiket na tushe daga hannun wanda ba a sani ba, ko daga wani shafi da ya ce a sauke a ɗora. Duk wanda tushensa ya shiga kundinka yana iya yi maka sojan gona da sunan kowane shafi, har da na bankinka.

Wani lokaci laifin na can ne

Masu shafi ma sukan yi sakaci wa'adin satifiket ɗinsu ya ƙare ba su sabunta ba. Alamar haka ita ce burauza ma za ta ƙi, a waya da kwamfuta, a kowane layi. A nan babu abin da za ka gyara, haƙuri ne na 'yan sa'o'i ko kwana guda.

A kuma duba adireshin da aka liƙa a akwatin "Additional boards manager URLs". Bidiyon koyarwa na shekarun baya suna yawo da tsofaffin adireshi. A ɗauko na yanzu daga shafin Espressif ko na kamfanin da ya ƙera allon. Adireshi ɗaya da ya lalace a akwatin ya isa ya sa jan rubutu ya riƙa fitowa duk lokacin da aka buɗe manhajar.

Shawarar da ya kamata a guje wa

Duk wanda ya kwafi saƙon ya nema a intanet zai ci karo da gajerun hanyoyi: a saka http.sslVerify false a Git, a ƙara --trusted-host a pip, a saka -k a curl, ko a goge harafin "s" daga https. Dukkansu suna kawar da jan rubutun nan take. Ma'anarsu kuma ɗaya ce, ka gaya wa kwamfutarka ta karɓi kaya daga hannun duk wanda ya miƙo, ba tare da ta tambayi ko shi wane ne ba. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Abin da ake saukewa a nan ba hoto ko waƙa ba ne. Manhajoji ne da za su yi aiki a cikin kwamfutarka da cikakken ikonka, su ga fayilolinka da kalmomin sirrin da ka adana. Su ne kuma za su gina abin da zai shiga allon da za ka miƙa wa malami ko ka sayar wa kwastoma. Sannan wanda ya kashe binciken Git da --global ya kashe shi ne ga duk aikin da zai yi nan gaba, kuma da wuya ya tuna ya mayar.

Abubuwa biyu da suka faru sun nuna abin da ake gudu. A 2011 masu kutse suka shiga kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, suka buga satifiket na bogi sama da 500, ciki har da na Google. An yi amfani da shi wajen leƙen asirin masu Gmail kimanin 300,000, kusan dukkansu a Iran. Masu burauza suka cire kamfanin daga kundinsu, kuma a watan Satumban shekarar ya durƙushe. Cirewar ta kare waɗanda suke sabunta na'urorinsu ne kawai.

Na biyun ya fi kusa da halin da ɗalibanmu ke ciki. A 2015 masu rubuta manhajar iPhone a ƙasar Sin suna fama da jinkirin sauke Xcode, kayan aikin kamfanin Apple mai nauyin gigabait da dama. Sai wasu suka koma ɗaukar kwafin da aka ɗora a shafukan ajiya na cikin gida, wanda ya fi saurin sauka. Ashe an cusa masa mugun umarni. Duk manhajar da aka gina da shi ta fito da cutar, har ta shiga App Store, ciki har da wani samfurin WeChat. Lamarin da aka sanya wa suna XcodeGhost ya nuna cewa idan kayan aiki suka gurɓace, duk abin da aka ƙera da su ya gurɓace, ko da mai ƙirar bai sani ba.

In data ce matsalar

Ba za a ce ɗalibai 40 a aji ɗaya kowa ya sauke ɗaruruwan megabait da kuɗinsa ba. Akwai hanyar rabawa da ba ta karya tsaro.

Arduino IDE tana ajiye ƙunshin da ta sauke a wata jaka mai suna Arduino15, a ƙarƙashin staging, sannan packages. A Windows jakar tana cikin AppData, a ɓangaren Local. Mutum ɗaya mai lafiyayyar kwamfuta da layi mai kyau zai iya saukewa, sauran su kwafi waɗannan fayiloli zuwa wuri ɗaya a tasu. Idan suka danna "Install" a kan samfuri iri ɗaya, manhajar za ta tarar da su ba sai ta sake saukewa ba.

Abin da ya sa wannan ya bambanta da karɓar manhaja a filas haka kawai shi ne, jerin kayan da manhajar ke ɗaukowa daga shafin asali, wanda shi ƙaramin fayil ne, yana ɗauke da lambar tantancewa ta SHA-256 ta kowane ƙunshi. Idan an taɓa ko da harafi ɗaya a cikin fayil ɗin, lambar ba za ta dace ba, manhajar kuma ba za ta yi aiki da shi ba. Sharaɗin dai shi ne wannan ƙaramin jerin ya sauka ta hanyar da aka tantance.

A lura kuma da direban USB. Allunan Arduino masu araha da suka cika kasuwa galibi suna amfani da guntun CH340 na kamfanin WCH na ƙasar Sin. Idan Windows ta ƙi direban tana maganar sa hannu, wannan wani nau'in satifiket ne daban, na tabbatar da wanda ya rubuta manhajar. A sauke direban daga shafin kamfanin, maimakon kashe binciken sa hannu na Windows.

Allon ma zai gamu da irin wannan

Bayan an gama da kwamfuta, maganar takan dawo a cikin na'urar da aka haɗa. ESP8266 ko ESP32 da zai aika ma'aunin zafi ko na ruwa zuwa intanet shi ma sai ya tantance uwar garken da yake magana da ita. Ga shi ba shi da batirin agogo, duk lokacin da aka kunna shi daga 1 ga Janairu, 1970 yake fara ƙirga. Shi ya sa ake sa shi ya fara tambayo lokaci ta hanyar NTP kafin ya buɗe sadarwa mai tsaro.

Misalai da dama da ake kwafa suna zuwa da layin setInsecure, wanda ke kashe binciken gaba ɗaya. A teburin gwaji ba laifi. A na'urar da za ta buɗe ƙofar gidan wani ko ta kunna famfon gonarsa daga nesa, barin wannan layin daidai yake da barin makulli a jikin ƙofa.

Wasu kuma sukan liƙa satifiket ɗin shafin kansa a cikin umarnin allon. Zai yi aiki ranar gabatar da aiki gaban malamai, amma na Let's Encrypt kwana 90 yake yi. Bayan 'yan watanni na'urar za ta yi shiru a hannun wanda ya saya. Abin da ya dace a liƙa shi ne satifiket na tushe, mai dogon wa'adi, a kuma tanadi hanyar sabunta umarnin allon nan gaba.

Wannan zai ƙara muhimmanci, domin wa'adin satifiket na shafuka raguwa yake yi. Tun Satumban 2020 aka taƙaita shi zuwa kwana 398. A Afrilun 2025 kuma majalisar kamfanonin satifiket da masu burauza, CA/Browser Forum, ta amince da jadawalin rage shi zuwa kwana 200 daga Maris 2026, kwana 100 daga Maris 2027, sannan kwana 47 daga Maris 2029. Na'urar da agogonta ya kauce ko kundinta ya tsufa za ta riƙa cin karo da ƙin amincewa fiye da da.

Ga mai fama da jan rubutun a yanzu, jerin binciken daga mai sauƙi ne zuwa mai wuya: a karanta saƙon har ƙarshe, a duba kwanan wata, a sauya layin intanet, a duba wanda ya sa hannu a satifiket ɗin, sannan a sabunta Windows da manhajar. Malaman da ke duba ayyukan ɗalibai su ma suna da rawar takawa. Tambaya ɗaya a ranar gabatarwa, ta yaya na'urarka take tabbatar da wanda take magana da shi, za ta sa ɗalibi ya koma ya cire setInsecure kafin na'urar ta bar makaranta.